Igiyar da ta tsinke a bakin Kwara

Ku da kuke zama a bencin rumfata da la'asar kuna latse-latsen waya, na sha jin kuna cewa dukanci ai yanka ne da ɗinki, duk mai almakashi da allura ya iya. Wani a cikinku har ya ce in aka ba shi sati guda zai fi ni. To, Allah ya ba shi satin. Ni dai gemuna ya yi fari a kan fata, kuma har yau ba na ɗora wuƙa sai da bisimilla, don in ka yanka ka yanka ke nan. Kun kuma dame ni da tambaya a kan guntuwar tsohuwar igiyar nan da na rataye a ginshiƙi, kuna dariya wai ko laya ce. Ba laya ba ce. Ta marigayi Malam Sada ce, ɗansa Lawal ya ba ni ita bayan rasuwarsa, kuma ba za ku gane darajarta ba sai na faro muku daga tushe.

Aikin farko da Kawu Dikko ya sa ni, lokacin da aka kai ni koyo a ƙauyenmu na ƙasar Ruma, shi ne yankan igiya. Na zaci zai ba ni basilla in fara ɗinka kube ko takalmi, sai ya jefo mini guntun fatar akuya bai fi tafin hannu biyu ba, ya ce in fitar masa da igiya mai tsawon gaba biyu, ba ƙulli, ba haɗi. Na juya fatar nan na juya, na ce ba zai yiwu ba. Ya karɓa, ya sa wuƙa a gefe, ya riƙa zagayawa yana shiga ciki a hankali, sai ga igiya tana zubowa a cinyarsa. Na yi damina da rani ina wannan aikin kaɗai. In na yi kauri a wani wuri na yi siriri a wani, ba ya faɗa, sai dai ya naɗe ta a yatsu ya fizga, ta tsinke, ya miƙo mini wata fatar.

Shi ne ya koya mini cewa igiya mutuwa biyu gare ta. Wata rana ya ajiye guntaye biyu a gabana ya ce in rufe ido in taɓa. Ta farko ta bushe ƙamas, inda ta karye yana da kaifi kamar karan dawa. Ya ce wannan an ajiye ta ne an manta da ita, iska ta shanye manta, ranar da aka tuna da ita aka ja, sai ta ɓalle. Ta biyu laushi gare ta, tana santsi, ta riƙa sirancewa a hankali har inda ta rabu. Ya ce wannan hannu ne ya cinye ta, kullum a kwance a ɗaure, gumin yatsu yana shiga cikinta har ta yi baƙi. Ya ce in aka kawo mini irin ta farko in gyara in yi shiru, in aka kawo irin ta biyu in gyara in yi wa mai ita addu'a.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuna ganinsu. Wuƙar nan mai lanƙwasa da maƙerin Runka ya ƙera wa Kawu, basilla babba da ƙarama, dutsen goge fata, katakon da nake yanka a kai wanda tsakiyarsa ta zurma saboda tsufa. Fata kuwa daga majema take zuwa, an jeme ta da bagaruwa, mu kuma mu rina: ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Ku da kuke sayen fenti a gwangwani ba ku san wahalar fitar da ja mai kyau ba. In toka ta yi yawa ya yi duhu, in ta yi kaɗan ya koɗe kafin shekara. Fatar akuyar da ta sha ƙaya a daji ma daban take da ta wadda aka ɗaure a gida, kuma sai ka ɗaga ta a rana za ka ga tabon.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Makiyaya suna son kuben wuƙa da maratayin gora, kuma ba ka burge su da ado, sai su sa haƙori su gwada ɗinkin. Mahauta suna son abu mai kauri. Mata suna son jaka mai tuntu. Amma aikin da ya fi kowane daraja a wurinmu shi ne na malamai, tadarishi da gafaka. Littattafan da kakanninmu suka rubuta da hannu ba a ɗinke su ba, warƙa-warƙa suke, don malami ya iya zare 'yan warƙoƙi ya ba ɗalibi ya je ya yi tilawa ya dawo da su. Tadarishi shi ne kwali biyu da ake lulluɓewa da fata a sa littafin tsakani, a naɗe da igiya mai wuri, irin na kuɗin da, a bakinta. Gafaka kuma jakar da ake zura shi ciki a rataye, don kada ya taɓa ƙasa. Kwalin da kullun rogo ake manna masa fata, amma a dama kullun da ruwan ɓawon maɗaci, don gara da kyankyaso in suka ɗanɗana su yi gaba. Kuma a al'adarmu ba a kawo littafi rumfar baduku, inda ake zubar da tarkacen fata ana taka shi. Baduku ne zai yi alwala ya je inda littafin yake, ya auna shi da tsinken kaba, ya dawo ya yanka.

Gafakar farko da na yi ni kaɗai, ta Malam Sada ce. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, ɗakinsa kuwa in ka shiga sai ka sunkuya, don gafakoki ne rataye a azara har suna taɓa maka hula. Na auna, na koma na yi kwanaki a kanta, na zuba mata ado iya iyawata. Da na kawo, ko kallon adon bai yi ba. Ya zura littafin, ya kifar da gafakar baki ƙasa ya girgiza. Littafin bai faɗo ba. Ya sa yatsa biyu ya zaro shi ba tare da ya yi ƙarfi ba.

"To, Mani," in ji shi, "kai ma ka zama mutum. Sai dai adon nan ya yi yawa, ba amarya za a sa ciki ba."

Daga ranar nan duk fatar da ke ɗakinsa ta koma hannuna. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, iyakata abin da zan yi salla, amma na san littattafansa ɗaya bayan ɗaya ta fatarsu: na fiƙihu mai jar gafaka, na nahawu mai tabon mai a kusurwa, na waƙoƙin wa'azi da ajami wanda kakansa ya rubuta, da izu sittin da shi kansa ya rubuta a ƙuruciyarsa. Ba wanda ya kai shi cinye igiya. Ɗalibai ba sa yankewa a zaurensa, manya da yara, har mata suna aiko a ara musu warƙa. Duk lokacin da igiya ta tsinke sai ya aiko a kira ni, ya miƙo mini ita yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na taɓa ce masa, "Allah gafarta Malam, ko dai ɓeraye kake ba su?" Ya ce, "Ɓerayen nan su nika roƙon Allah ya ƙaro mani." Igiya ta ƙarshe da na yanka masa a ƙauye, ta littafin waƙoƙin nan ce. Sabuwa fil na ɗaura ta, ana saura kaɗan mu watse.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu, ba zan ja muku ita ba, don da yawanku a cikinta kuka girma. Da farko dabbobi suka fara ƙarewa, fata ta yi wuyar samu. Makiyayan da ke kawo mini aiki wasu suka yi ƙaura, wasu aka daina jin labarinsu. Daga baya gona ma ta gagara zuwa. Ranar da muka fito, na ƙulle wuƙa da basilla a ƙafar wando, na ɗora katakon nan a ka, muka biyo hanyar ƙafa har inda muka sami a-kori-kura. A nan Batsari na koma ɗinkin kujerar babur da facin takalman roba, aikin da a da ko kallo bai ishe ni ba, amma shi ya ciyar da gidana, kuma ban raina shi ba. Littattafan Malam kuwa Lawal ne ya zo ya fitar da su. Shi ne babban ɗansa, yana koyarwa a makarantar sakandare a wani gari can nesa a bakin kogin Kwara. Ya zuba gafakokin a buhunan taki ya tafi da su, don ɗakin da aka ba Malam aro a nan ko tabarma biyu ba ya ɗauka, ga yoyo. Guda ɗaya kawai Malam ya hana shi ɗauka, izu sittin ɗin nan na hannunsa.

Ba a daɗe ba idon Malam ya tafi gaba ɗaya. Sai kuma wani ɗan'uwa ya dawo daga fatauci ya kawo labari wai Lawal ya ba gwamnati littattafai. Gaskiyar magana ita ce ruwa ne ya yi ambaliya ya shiga ɗakin da Lawal yake haya, ya kwashe su ya kai ajiya a sabon ɗakin karatun garin, laburare ta jama'a. Amma Malam kalmar gwamnati kaɗai ya riƙe. Daga ranar ya daina amsa wayar ɗansa. In aka kawo masa ita a kunne sai ya juya fuska bango. Damina biyu ana haka, ga jikinsa kullum ƙara lalacewa yake. Kowa a unguwa yana tsoron kada ya cika yana fushi da yaron nan, amma ba mai iya tunkararsa.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a kan buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya laluba ya kamo hannuna.

"Mani, kai ka san su. Ko cikin duhu ka taɓa su ka gane. So nike ka tahi ka gano mani."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai Lawal ya sha faɗi suna nan lafiya."

"Ɗana ne, zai hwaɗi abin da zai kwantar mani da rai. An ce gwamnati in ta amshi abu sai ta sa shi cikin gilashi ta kulle, baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Ni ban hana shi tsirar da su ba. Amma littahin da ba a buɗewa, da shi da wanda wuta ta ci duk ɗaya suke gare ni. Kada ka kawo mani maganar baki. Abu guda nika son sani, ana buɗe su ko an kulle."

Ban taɓa wuce Katsina ba a rayuwata, amma na ce to. Na sa wuƙa da basilla da 'yar fata a jaka, don baduku ba ya tafiya hannu sake, na hau mota.

Tafiyar ta ci ni, ƙafafuna suka kumbura. Da muka doshi garin na ga ruwa, sai na tambayi na kusa da ni ko ambaliyar ce ba ta janye ba. Ya yi dariya ya ce ai kogin ke nan, kullum haka yake. Mu da muke haƙa yashi da rani muna jiran ruwa ya tsatso! Iskar garin ma nauyi gare ta, rigarka ta manne maka a baya. Lawal ya tare ni a tasha, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya yi furfura a gefen kai, yaron da na sani yana rarrafe. Bai tambaye ni komai ba sai da muka ci abinci, sannan ya ce, "Baba Mani, yana ambatona kuwa?" Na ce masa ai ga shi ya aiko ni.

Washegari ya kai ni. Ginin a kan tudu yake, yana kallon kogi, an ɗaga shi a kan ginshiƙai yadda ko ruwa ya zo zai wuce ta ƙarƙashi. Gabansa duk gilashi ne, kana ganin kwale-kwale a jikinsa kafin ka juya ka gan su a ruwa. Da na ga tsabtar daɓen sai na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, mai gadi yana ta ce mini in sa abina, na ƙi. Na shiga na tarar da mutane zaune jeri-jeri, kowa da littafi, sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro: na ɗaga murya na yi sallama, na fara tambayarsu kwana da gajiya. Kai, sai ga kawuna sun ɗago gaba ɗaya! Wasu 'yan mata suka toshe baki. Wani dattijo can a kusurwa dai ya amsa mini a hankali, Allah ya saka masa. Lawal ya raɗa mini cewa nan ba a magana da ƙarfi. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a wuri ɗaya ba tare da hayaniya ba in ba a sahun salla ba. Ga kantoci cike da littattafai har sama, ga ɓangaren yara da ƙananan kujeru, ga wasu suna karatu a kwamfuta, kuma wai duk wanda ya zo shiga zai yi, ba a tambayarsa ɗan wane ne.

Ina cikin kalle-kalle sai idona ya faɗa kan wani akwatin gilashi a tsakiyar falon. A ciki ga gafaka kwance, an kunna mata fitila, an kulle da ɗan makulli. Na ce shi ke nan, abin da Malam ya ji tsoro ya tabbata, yanzu da wane baki zan koma? Na matsa na duba. Ba ɗinkina ba ne, aikin wasu dukawa ne na wata ƙasa, fatar ta bushe har ta tsattsage. Amma duk da haka na ɗauka na Malam ma haka aka yi musu.

A nan wata mata ta same mu, Malama Rakiya, ita ce mai kula da littattafan hannu. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ashe kai ne mai fatun nan. Na daɗe ina son ganin mai wannan hannu." Na nuna mata akwatin na ce, "'Yata, haka kuka yi da na Malam?" Ta ce a'a, wannan fanko ce, littafinta ya ɓace tun kafin a kawo ta, an sa ta ne don yara su san yadda abin yake. Ta ce in biyo ta sama.

Ɗakin yana bene. A ƙofarsa akwai famfo da 'yar kujerar alwala, a ciki an shimfiɗa tabarmi da ƙananan teburori. Na ɗaga kai ina neman inda aka rataye gafakoki, ban ga ko ɗaya ba. Ta nuna mini kantocin ƙarfe, kowane littafi kwance cikin akwatin kwali shi da gafakarsa. Na ce ai rataye su ake yi. Ba ta yi musu ba, sai ta ɗauko mini mai jar gafakar nan ta fiƙihu, ta juya bayanta. Wani tabo ne fari-fari ya bazu a fatar, irin wanda ban taɓa gani ba. Ta ce fumfuna ce, a ɗakin Lawal ta kama ta, da aka kawo sai da suka yi ta gogewa da burushi mai laushi suna shanyawa a inuwa. Ta ce a bakin kogi danshi ne abokin gaba, yana shiga fata da takarda ko ba a jiƙa su ba. Ta nuna mini wata na'ura a kusurwa tana gurnani a hankali, ta zaro ɗan bokitin da ke cikinta, sai ga ruwa, wai daga iskar ɗakin ta tsotso shi. Na sa yatsa na taɓa don in tabbatar. Maɗacina ya kori gara shekara da shekaru, amma wannan ciwon ban san shi ba, balle maganinsa. Da an bar su a hannun irina a garin nan, da sun ruɓe a rataye. Na yi mata godiya, kuma har zuciyata na yi ta.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa, duk suna nan, har mai tabon mai. Sai na ga akwati ɗaya ba komai a ciki. Kafin in tambaya ta nuna mini bayana. Wasu mata ne uku zaune a tabarma, ɗaya dattijuwa da tabarau, sun baje warƙoƙi a teburi, tana bi da tsinke tana rerawa ƙasa-ƙasa, sauran suna amsawa. Waƙoƙin kakan Malam ne. Na san muryar waƙar, don na sha jin ta a zaure ina ɗinki. Malama Rakiya ta ce malamar Islamiyya ce da ɗalibanta, kusan kullum suna zuwa. Akwai kuma limamin masunta da ke tsallako kogi ranar Alhamis don na fiƙihu, da 'yan makaranta masu koyon ajami. Ta ce sharaɗin da Lawal ya kafa ke nan ranar da ya kawo su, cewa duk mai alwala da ya nema a ba shi. Na juya na dubi Lawal, ya sunkuyar da kai.

Da matan suka gama, dattijuwar ta haɗa warƙoƙin ta rufe tadarishin, sai na ga da tsumma take ɗaurewa. Malama Rakiya ta ji kunya. Ta buɗe aljihun teburi ta ɗauko wani abu naɗe a takarda.

"Baba, ka yi haƙuri, igiyar ta tsinke mana. Na ajiye ta, ban san yadda zan gaya wa Malam Lawal ba. Wallahi ba wasa aka yi da ita ba."

Na karɓa na murza a yatsu. Ita ce wadda na yanka sabuwa kafin mu watse. Ta yi baƙi, ta yi laushi, ta sirance har inda ta rabu. Daɗi ya kama ni, sai kawai na yi ta yi wa matar nan addu'a, ita kuwa tana kallona ba ta san dalili ba. Na zauna a barandar ginin, ina kallon masunta suna jan koma, na yanka sabuwa na murza ta da man gyaɗa, na mayar da wurin a bakinta, na yi alwala na hau na ɗaura. Tsohuwar kuwa na roƙa a ba ni.

Da na dawo Batsari ban biya gida ba, da ƙurar mota na wuce wurin Malam. Na same shi kwance, aka tayar da shi aka jingina da bango. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa, bai tambayi Lawal ba. Sannan ya karkato kunne yana jira. Na tuna ya ce kada in kawo masa maganar baki, don haka na kamo hannunsa na sa masa igiyar a tafi.

Ya fara daga inda ƙullin wurin yake, ya bi ta da babban yatsa a hankali. Ya kai ta hanci ya shinshina. Ya sake bi har ya iso inda ta rabu, ya tsaya a nan yana murzawa.

"Ta waƙoƙi ce," in ji shi.

Na ce ita ce.

"Sabuwa ka sa mata kahin mu hito."

Na ce sabuwa fil.

"Wagga ba bushewa ta yi ba, Mani."

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam."

"Hannun wa?"

Sai a nan na buɗe baki. Na gaya masa dattijuwa mai tabarau da ɗalibanta, da limamin da ke tsallako kogi, da famfon alwala a ƙofa, da sharaɗin da Lawal ya kafa. Na gaya masa fumfuna da na'urar da ke tatsar ruwa daga iska, wannan kam ya ce in bar zolayarsa. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba, igiyar tana damƙe a hannunsa. Can ya ce a kira masa Lawal. Na danna lambar na kara masa a kunne, ina jin muryar yaron daga can yana ta gaisuwa.

"Lawal, ni ne," in ji Malam. "Allah shi yi maka albarka. Akwai guda da na hana ka, tana nan rataye bisa kaina. Ka zo ka ɗauka ka kai masu, ka zo da wuri ina son in ji ka kusa."

Ya miƙo mini wayar, ya laluba sama har ya taɓa gafakar izu sittin ɗinsa, ya shafa ta. Sannan ya juyo inda yake jin numfashina.

"Mani, ka yanka mata igiya mai kauri. Can hannuwa suna da yawa."